Turken da Ya Bi Inuwa

Zuwa ga ɗana Gawayi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa ta hagu da ta mayar da kanta mai duba hadari. Kwana biyu kafin ruwa ya sauka take sanar da ni. Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Waya tana cinye rabin magana, kunnena ya cinye sauran rabin, to me ya rage? Shekara talatin na yi ina koya wa yara rubuta wasiƙa, bari ni ma in mori abina. Direban nan mai zuwa wajenku duk mako biyu ya ce zai riƙa kai maka.

Kada ka ga na rubuta Gawayi ka ɓata rai, wai don yanzu kai ma'aikaci ne a Hukumar Tsara Birni har an tura ka ƙaro karatu. Kakanka da babana 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma ni ce na sha wanke bangon ɗakina saboda gidajen da kake zana mini da gawayi in an kawo ka hutu. Sunan nan sai dai ka haƙura da shi.

Albishirinka, gari ya iso mu. Lokacin da ni da marigayi muka gina ɗaki biyun nan, shekara goma sha tara ke nan, dangi cewa suka yi mun tafi zama da birai. Yanzu in na leƙa ta kan katanga, kwanon rufi nake gani yana ƙyalli har inda ido ya tsaya. Makon jiya mutanenku suka zo, su huɗu, da wata na'ura mai ƙafa uku. Ɗaya yana leƙa cikinta, ɗaya yana can nesa riƙe da doguwar sanda a rana kamar wanda aka ba horo. Sun sha ruwan randata, sun yi godiya, suka bi ko'ina suna kafa turakun ƙarfe masu jan kai. Na tambayi ɗayansu mene ne wannan, ya ce, "Hanya ce, Mama," ya yi gaba abinsa. Hanya! Ni da nake cire takalmi in riƙe a hannu duk damina. Wallahi ranar har 'yar waƙa na yi ina shara.

Ka tuna Tela mai yi mini ɗinki, wanda ya taɓa rage maka wando ya rage har ya zarce? Shekara goma sha huɗu yana haya a ɗaki ɗaya, keke a bakin ƙofa, iyali a ciki. To ya samu fuloti daidai tsallaken ƙofata, sabuwar hanyar ce za ta ratsa tsakaninmu. Takardar izinin gininsa daga ofishinku tana cikin leda, duk wanda ya je awo sai an nuna masa ita kafin a auna shi. Burinsa ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye ta zauna inda asibiti yake kusa. Magini zai fara aiki nan da kwana goma.

Abu ɗaya nake so ka duba mini. Mangwaron nan da marigayi ya dasa, wanda rassansa suka haura katanga, hanyar za ta ci shi? In za ta ci, ka faɗa mini tun yanzu in fara kukana da wuri.

Af, ka yi wa mutanenku godiya. Akuyata tana ɗaure a ɗaya daga turakunsu, ban taɓa samun mai ƙwari irinsa ba.

Goggonka.

*

Zuwa ga Goggo,

Na samu wasiƙarki, na karanta sau uku ina dariya ni kaɗai har abokin ɗakina ya tambaye ni ko lafiya. Ina gaishe ki da kyau, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ni lafiya nake, sai kewar gida da yawan karatu. Sunan kuma na karɓa, daga bakinki ya fi kowane muƙami daɗi.

Ki kwantar da hankalinki a kan mangwaro. Ina cikin waɗanda suka zana taswirar unguwarku kafin in taho, kuma da hannuna na sa masa ɗan da'ira kore. Yana cikin katangarki, hanya daga bakin katangar ta fara, faɗinta mita goma sha biyu har zuwa layin su Tela. In an zo ja wayar wuta za a ɗan rage masa rassa, shi ke nan.

Kin san aikinmu a taƙaice, Goggo? Mu riga bulo isa wuri. In mutane suka riga mu, kowa ya gina inda ransa ya so, sai daga baya a tashi neman inda za a sa hanya da kwata da bututun ruwa a rasa, sai rushe-rushe da kuka. A taswirarku mun ware filin makaranta a ƙarshen hanyar, ga na ƙaramin asibiti, ga kasuwa, ga inda yara za su yi ƙwallo. Ruwan saman da yake taruwa a ƙofarki ma mun bi sawunsa mun zana masa magudana. Ba a shekara ɗaya za a gama ba, amma wurin kowane abu yana nan yana jira. Na ji daɗin labarin Tela ƙwarai, irinsa muke yi wa aikin. Ki ce masa na yafe wandon.

Akuya kuwa ta ci sa'a, amma don Allah ki kwance ta ki nema mata wani wuri. Turakun nan ba a taɓa su ko kaɗan. Su ne idon hukuma a ƙasa, daga jikinsu magina suke jan igiya. Duk ginin da ya tsallake su, jan fenti ne a bangonsa, wanda ya taɓa su kuma zai amsa tambaya.

Ɗanki, Gawayi.

*

Gawayi,

Gaisuwa a gurguje. Jikina lafiya, raina ne babu lafiya.

Wasiƙarka mako bakwai ta yi a aljihun motar direban nan. Jiya ya kawo ta, duk ta sha mai, yana ta ba ni haƙuri. Da ta zo a kan lokaci da ban shiga abin da na shiga ba.

Ginin Tela ya kai linta, wato saman ƙofa. Kwana goma sha biyar da suka wuce mutanenku suka dawo dubawa, suka auna, suka sake aunawa, sai ɗaya ya ɗauko gwangwani ya shafa wa kusurwar ɗakin gaba jan fenti. Wai ginin ya shiga hanya. Suka ba shi takarda ya bayyana gaban kwamiti ranar Larabar ƙarshen wata mai zuwa. An ce in aka same shi da cin hanya da gangan, za a soke izininsa, fulotin ya koma hannun hukuma. Mutumin nan a bakin ƙofata ya zo ya tsaya, tef ɗin awo a wuyansa, ya ce, "Goggo, ke shaida ce, daga turken nan muka ja igiya. Magini har cewa ya yi layin ya karkace, na ce masa hukuma ta fi mu ido, yadda ta kafa haka za mu bi." Na ce masa haka ne. Na shige gida na zauna a kan turmi.

Na rubuta maka cewa akuyata tana ɗaure a turkenku. Abin da ban rubuta ba, don ban ga ya isa a ɓata masa tawada ba, shi ne ba a inda suka kafa shi na ɗaure ta ba. Wurin rana ce tsagwaronta, dabbar tana ta haki. An yi ruwa ƙasa ta yi laushi, sai na girgiza shi na zare, na matso da shi wajen inuwar mangwaro, taku huɗu nawa na tsohuwa, na buga shi da dutse. Da magini ya zo na kwance akuyata na shigar da ita gida, na bar musu turkensu tsaf, har ina ganin na yi kirki da ban ɗauke shi ba. Ni a sanina turke na dabba ne, inda inuwa take can ake kai shi. Ban san daga jikinsa ake auna gidan mutum ba.

Babu wanda ya sani sai ni da kai da Allah. Kullum da safe Tela yana gaishe ni, yana tambayar gwiwa. Shekaranjiya har ya kawo mini rigar da na ba shi gyara. Abinci ba ya wuce mini.

Na karanta inda ka ce wanda ya taɓa zai amsa tambaya. Na gane, wato kama ni za a yi. A shekaruna, ni da na koyar da rabin iyayen unguwar nan. Gawayi, ban taɓa roƙonka komai ba. Kai ka zana hanyar nan, ka yi wa abokan aikinka magana a asirce su ɗan lanƙwasa ta a daidai wurin. Taku huɗu ne fa. Mita goma sha biyu, jirgi za a saukar a kai? A bar wa Tela ɗakinsa, a bar mini mutuncina, kowa ya huta.

Na sa direba ya rantse a hannunka zai sa wannan, kuma ya jira amsa.

Goggonka.

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙonki ki ci abinci kafin ki ci gaba da karantawa. Direba yana zaune a waje yana jirana.

Da farko, babu mai kama ki. Amsa tambaya na ce, tambaya kuma a zaune ake yin ta, a kan kujera. Laifina ne da na rubuta shi a bushe haka. Ni ma na karanta wasiƙarki ta farko ban karanta ta da kyau ba. Na ga akuya na yi dariya, ban tsaya na tambayi kaina yaushe Goggo ta taɓa barin dabbarta a rana ba.

Amma hanyar ba zan iya lanƙwasa ta ba, ko da ina iyawa kuma ba zan yi ba. Ta gefen su Tela magudanar ruwa za ta bi, bututu yana biye da ita. In aka kauce wa kusurwa ɗaya, ruwan da muka kora daga ƙofarki gidan wani zai shiga. Gobe kuma na gaba ya ce shi ma taku huɗu ne. Kin tuna ranar da ciwo ya kayar da Inna mahaifiyata a tsohuwar unguwarmu? Motar asibiti ta zo ta tsaya a bakin titi don lungunmu ba ya ɗaukar ta. A kan ƙyauren ɗaki maza huɗu suka fito da ita da tsakar rana, kina biye kina gyara mata mayafi. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Lungun nan, Goggo, a da hanya ce. Taku-taku aka cinye ta, kuma babu mugu ko ɗaya cikin waɗanda suka ci. Tela tsohuwarsa zai kawo, motar nan dole ta iya tsayawa a ƙofarsa.

Ga abin da na sani na yadda kwamitin yake aiki. Suna bambanta wanda ya ci hanya yana sane da wanda alama ta ɓatar. Na farkon shi ake karɓe wa fili. Na biyun a gyara layi, a rushe abin da ya shiga kawai, takardarsa tana nan daram. Yanzu maganar Tela ce kaɗai a kan awon na'ura, kuma duk wanda ya zo gabansu cewa yake daga turke ya ja igiya. Sun ji wannan har sun gaji. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne wani ya miƙe ya ce ni na matsar da shi.

Mu ma da namu. Ƙa'ida ita ce a zuba wa turaku kankare cikin mako guda, a kuma tara mutanen wurin a nuna musu taswira. Da an yi haka da ko ke da dutsenki ba ku isa ba.

Ba zan faɗa wa kowa ba, maganar taki ce. Amma ke kika koya mini in na zana a bango in tsaya kusa da shi har mai ɗakin ta dawo.

Ɗanki, Gawayi.

*

Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Na tambaye shi, ya ce ya gan ki zaune a bakin hanya da 'yar guduma, kin ce masa ba ki da lokacin rubutu. Larabar ta wuce, ban san me aka yi ba, kuma na ƙi tambayar ofis don kada in tona abin da ba a tona ba. In fushi kike da ni, ki rubuto ko zagi ne. Shirun nan ya fi jarrabawa wuya.

Gawayi.

*

Zuwa ga ɗana Gawayi,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina lafiya, gwiwa tana nan da halinta, abinci kuma ya dawo yana wucewa har yana neman ƙari. Fushi na yi da kai, ba zan ɓoye ba, kwana biyu cur. Na ce ji yaron nan da na sha goge wa hanci, yau ni yake mayar wa da karatuna. A rana ta uku na ɗaura mayafi na tafi shagon Tela.

Na same shi yana kan keke. Na faɗa masa komai a tsaye, ban ko zauna ba. Keken ya tsaya. Ya ce, "Goggo, tun ranar jan fentin kin san wannan?" Na ce na sani. Ya ce, "Kuma kullum ina gaishe ki." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Laraba na riga shi isa ofishinku. Ashe a bene kuke, matakala ashirin da biyu, gwiwata ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Aka shigar da mu wani ɗaki mai dogon tebur da manyan durowoyi masu faɗi, ga taswira ta cinye bango guda. Kafin a fara na matsa kusa na bi ta da yatsa har na samo ɗan koren da'irarka. Na ga makaranta, na ga asibiti, na ga ƙofata da ta Tela suna kallon juna. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ashe tun ba mu sani ba wani ya zauna ya yi tunanin inda za mu taka.

Shugabar kwamitin wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Da Tela ya gama bayani na ɗaga hannu kamar 'yar aji uku, na miƙe na ce ni na cire turken. Ta sauke tabarau ta ce, "Mama, saboda me?" Na ce rana ce ta dami akuyata. Sai wani a ƙarshen tebur ya ƙware da ruwan da yake sha. Tela dai bai yi dariya ba. Ta juya wajen shugaban masu awon ta ce, "Kun gaya wa mutanen wurin mene ne turakun?" Ya ce sun ce musu hanya ce. Ta ce, "Kankare fa?" Sai ya shiga gyara takardun gabansa.

Washegari suka zo da na'urarsu. Turken yana nan a kusurwar ginin, kansa a lotse inda na sha shi da dutse, jan fentin wuyansa ya goge inda igiya take gogawa. Shugabar da kanta ta tsuguna ta duba. Hukuncin kamar yadda ka faɗa: takardar Tela tana nan, filinsa nasa ne, amma kusurwar sai ta sauka. Ɗakin gaban nan shi ya so ya yi shago, yanzu ya tsuke, keke da benci ɗaya kawai zai ɗauka. Ni kuma aka yi mini faɗa a gaban jama'a, cikin ladabi dai, amma faɗa ne. Cikin mako guda aka zuba wa kowane turke kankare, aka tara unguwa a ƙarƙashin mangwarona aka baje taswira kowa ya ga inda yake. Ka san abin mamaki? Mata biyu suka ja ni gefe suna raɗa, ɗaya ta ɗaura igiyar shanya a nata, ɗaya ta kai nata kicin tana tone toka da shi. An mayar da su kafin kowa ya ja igiya.

Gudumar da direba ya gani, bulon da aka sauke nake ɓamɓare wa siminti don a sake amfani da su. Babu wanda ya sa ni. Kwana goma sha ɗaya ina zaune a bakin hanyar nan, Tela yana wucewa ta gabana kamar bai ga mutum ba. A rana ta uku matarsa ta ajiye mini kujera. Na ce to, ko iya nan aka tsaya na gode wa Allah, gidan dai ya tsira.

An yi rufi makon jiya. Shekaranjiya tsohuwarsa ta iso, motar har bakin ƙofa ta sauke ta, ko da yake hanyar tukuna ƙasa ce aka baje. Tsohuwa ce mai baki, mun riga mun fara musu a kan wa ya girmi wani.

Jiya da hantsi ina shara na ji sallama. Tela ne, tef a wuya, riƙe da wani guntun icce da ya fere da hannunsa, ya goge shi sumul har ya yi masa wuyan ɗaura igiya. Bai gaishe ni ba. Ya wuce kai tsaye gindin mangwaro ta cikin gida, ya ɗauki dutsen nan nawa, ya buga shi har ya zauna. Ya karkaɗe hannu, ya juyo ya ce, "Goggo, wannan naki ne. Duk inda inuwa ta je ki bi ta da shi." Sannan ya ce, "Ina kwana? Ya gwiwar?"

Na amsa masa da lafiya lau.

Ka gama karatunka ka dawo ka taka hanyarka. Bangon ɗakina yana nan fari tas, na kuma ajiye maka gawayi.

Goggonka.